Takwaran Baba Heluma

Har yau in na ratsa layin masu kifi a kasuwar Kakuri, ƙarnin ya bugi hancina, sai in ga kaina a garin nan na bakin teku can gabashin Turai. Kada a tambaye ni sunan garin, don har na baro shi harshena bai iya juya shi daidai ba. Mu dai Tasha muke ce masa, saboda tashar jiragen ruwa ce ta tara mu.

Ni Sabi'u mai gyaran waya ne, rumfata tana bakin titi kusa da inda 'yan Keke ke lodi. Wani ejan ne ya hure mini kunne, ya ce ana neman masu hannu a harkar na'ura a wata tashar jiragen ruwa, ga ofis ga kwamfuta ga ɗakin kwana. Na bar matata Murja da ƙaramin ciki na tafi. Da na isa, ofishin ya zama ɗakin ƙanƙara, kwamfutar ta zama kwalayen daskararren kifi da muke saukewa daga kwantena muna jerawa. Lambar ejan kuwa tun daga ranar ba ta sake shiga ba. Yatsun da suka saba da ɗan sukudireba suka kumbura suka tsattsage, in zan yi alwala sai na cije leɓe.

A makon farko santsi ya kwashe ni da kwali a ka, na zube ina salati. Sai na ji an ce daga bayana, "Kai malam, sannu! Ɗan wace unguwa ne?" Na waiga, ga wani ƙaton mutum cikin rigar sanyi yana miƙo mini hannu. Obinna ke nan, Ibo ne, bakanike, haifaffen Sabon Tasha, Hausarsa ta fi tawa gudu. Da na ce masa Kakuri, ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Daga ranar tukunyarmu ɗaya. In kewar gida ta taso mana sai mu zauna a bakin gado mu hau mota da baki: mu taso daga Unguwar Boro, mu ratsa Sabon Tasha, mu sauka Kakuri mu sha shayi, mu ƙarasa Trikania muna musu a kan wane mai tsire ya fi iya haɗa yaji. Ba mu taɓa shiryawa a kan wannan ba.

Bayan Murja da Innata, wanda na fi kewa shi ne Baba Heluma. Sunansa na yanka Yakubu, amma tun zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki shi ne shugaban ma'aikata a sashen saƙa, wato heluma, har laƙabin ya danne sunan yankan. Aminin mahaifina ne. Tare suka zo Kaduna suna samari, tare suka tsufa a gaban inji. Da aka rufe masaƙa mahaifina Malam Idrisu bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, ya rasu ina sakandare. Baba Heluma ne ya riƙe gidanmu. Shi ya kai ni koyon gyaran waya, shi ya saya mini sukudireban farko, shi ya karɓo mini auren Murja. Allah bai ba shi haihuwa ba, matarsa ma ta riga shi tafiya. Kullum da sassafe, daidai lokacin da jiniyar masaƙa ke kaɗawa a da, zai fito da bencinsa ƙofar gida ya zauna yana ba 'yan Keke da 'yan talla umarni, alhali ba wanda ya ɗauke shi aiki. "Kai, gyara fakin! Ke, rufe abincin nan, ba ki ga ƙuda ba?" Kowa ya bi, ana dariya.

Wata safiya a wurin wani suna a layinmu, liman ya faɗi sunan jariri, aka ce kakansa aka yi wa takwara, aka shafa fatiha. Baba Heluma ya karɓi goronsa yana juya shi a tafin hannu, ya ce yana dariya, "Ni kam da sunana za a binne ni." Jama'a suka yi dariya, ni ban yi ba. A wurin na ƙulla a raina cewa in Allah ya ba ni ɗa namiji, Yakubu ne sunansa.

Ban gaya wa kowa ba, don a gidanmu haka ake yi. Uba ne ke riƙe sunan a cikinsa, ko mai jego ba ta ji sai safiyar suna, in an taru an raba goro ya raɗa wa liman, liman ya faɗa wa jama'a. Mu gida ne mai kunyar suna. Inna har yau ba ta taɓa furta sunan mahaifina ba, "Malam" take cewa, ko yaron maƙwabta in sunansa Idrisu ne sai ta ce mai sunan Malam.

Ranar wata Alhamis Murja ta sauka, namiji. Aka kira ni ta bidiyo ina tsaye a ƙofar ɗakin ƙanƙara, Inna ta kara wayar a kunnen jaririn na yi masa kiran salla hawaye na daskarewa a kumatuna. Da aka ba Murja ta ce, "To Baban jariri, a ɗan gutsura mana sunan mana."

Na ce, "Sai Alhamis ta zagayo."

"Kana wata uwa duniya ma sai ka yi mana rowa?"

"Ke dai ki tabbata an zaunar da Baba a sahun gaba. Zan kira da safe, a kara wa liman wayar a kunne."

Na riga na tsara komai a kaina, har yadda fuskar tsohon za ta yi.

Tun zuwana nake jin ƙasar da babbar maƙwabciyarta ta gabas ba sa ga maciji, ana ta cacar baki a kan iyaka da bututun gas. Mu baƙi ba ruwanmu, kifi muka zo ɗauka. Kwana biyu bayan haihuwar, muna cikin aiki da hantsi, injin ɗaga kaya ya tsaya cak da kwantena tana reto a sama. Ƙofar tasha da muke kara kati ta buɗe ta ƙi buɗewa. Allunan kwamfuta na ofis duk suka yi baƙi. Sai wuta ta ɗauke. Na zaro wayata, ba sabis ko ɗigo. Kafin la'asar injinan cirar kuɗi sun mutu, danjar titi ta mutu, famfo ya ƙafe.

Ni da Obinna da fari dariya muka yi. Ya dubi Turawan da ke ta kai da komo ido a waje ya ce, "Oga Sabi, waɗannan ba su san ɗauke wuta ba. A kai su Kakuri su yi kwas na wata ɗaya." Amma fomanmu, wani dattijo mai jan gemu, bai yi dariya ba. Ya tara mu ya ce da guntun Turancinsa, wannan ba lalacewa ba ce, hari ne. An shigo ta cikin kwamfutocin da ke juya wuta da tasha da bankuna da layukan waya an kulle su. Muka ce wa ya shigo? Ya nuna gabas da haɓa.

Wata tsohuwar rediyo mai batir ita ta zama idonmu. Obinna ya fi ni daɗewa, yana jin yaren sama-sama, shi ke fassara mana. Gwamnati ta ce maƙwabciya ce. Maƙwabciya ta rantse ba ita ba ce, ta ce ita ma an tsayar mata da jiragen ƙasa, kuma za ta rama. Abin ya bi kwamfutocin kamfanonin jiragen ruwa ya tsallaka tashoshin wasu ƙasashe da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su ma suka fara huci. Aka ce ana tura sojoji kan iyaka. Ba mu ji ƙarar harsashi ko ɗaya ba, amma a asibitin garin likitoci da fitilar hannu suke duba marasa lafiya. Na yi shekaru ina cire wa mutane bairos, wato cutar na'ura, daga waya a rumfata, ban taɓa kawowa a raina cewa ƙasa sukutum za a iya kashe ta kamar yadda ake kashe waya ba.

Kifin ya fara narkewa, wari ya cika tasha, aka ce kowa ya zauna a ɗaki. Ni kuwa zama ya gagare ni. Kowa na tunanin abinci da ruwa, ni ina tunanin Alhamis. Sai labari ya zo cewa a kan iyakar yamma, ƙarfen sabis na ƙasar da ke tsallake yana ɗan leƙowa, masu hawa tudu suna samun kira. Na fara haɗa jaka.

Obinna ya ce, "Saboda suna kawai? Ba za su jira ka ba?"

Na ce, "Ba a ɗaga suna. An sayi rago, an gaya wa mutane. In ba su ji ni ba, duk sunan da ya samu za a raɗa." Sai na gaya masa abin da ko Murja ban gaya wa ba.

Ya jawo takalminsa. "Baban nan mai benci? Wallahi ya taɓa kora ta da na yi fakin a ƙofarsa, har ya ce in je in aske gemu. Tashi mu je."

Zangonmu na farko tashar jirgin ƙasa ce. Mutane maƙil, allon da ke nuna lokacin jirage ya mutu, ba mai sayar da tikiti. Muna tsaye wani saurayi mai tsadaddiyar kwat ya matso ya buɗe tafin hannu, ga layukan waya. Ya ce waɗannan da tauraron ɗan'adam suke aiki, ba ruwansu da ƙarfen sabis. Na san ƙarya ce, sana'ata ce fa. Amma zuciya in ta matsu ba ta shawara da kai. Na kwance agogon hannuna na ba shi, na saka layin, na ɗaga waya sama ina juyi. Kafin in sauke hannu ya ɓace. Har yau in Obinna yana son ya ƙular da ni sai ya ce, "Injiniya, ina layin tauraro?"

Sai washegari jirgi ɗaya ya tashi, aka cusa mu ciki a tsaye. Tafiya yake kamar mai jin tsoron taka ƙasa, in ya ɗan yi gaba sai ya tsaya, ma'aikata su sauka da tutoci su juya layin dogo da hannu. Ina kallon filayen da dusar ƙanƙara ta rufe, ina tuna layin dogon da ya ratsa ta bayan unguwarmu, inda muke ɗora kwalba muna yara Baba Heluma yana biyo mu da tsumagiya. A wani ƙaramin gari jirgin ya tsaya, aka ce iyakarsa ke nan.

A nan wani mai ƙaramar bas ya karɓe ɗan abin da ya rage a aljihunmu, ya ce har kan iyaka zai kai mu. Ya yi ta gudu da mu, sai da ya hango shingen sojoji ya taka birki, ya nuna wani tsauni ya ce iyakar tana bayansa, mu ƙarasa da ƙafa. Muna sauka ya juya. Bayan tsaunin nan babu komai sai wani tsaunin.

Sojojin shingen samari ne, kuma a tsorace suke, wanda ya fi komai haɗari ke nan. Na'urar da za su duba takardunmu da ita ta mutu. Suka zazzage jakata, sai ga abin da ban yi tunaninsa ba: kayan aikina. Duk inda na je da su nake tafiya, sukudirebobi da ƙananan wayoyi da cikin tsofaffin wayoyin hannu da nake gyara wa abokan aiki. Baƙo, baƙar fata, ɗauke da kayan na'ura, yana neman kan iyaka a makon da aka kashe ƙasa da na'ura. Ɗaya ya ja da baya ya ɗaga bindiga. Obinna ya ɗaga hannu yana ta bayani da yarensu, yaren na kakkarye masa a baki. Aka tura mu wani ɗakin ajiya na makarantar ƙauye aka rufe.

A nan na ji tsoro na gaske. Su ma ba su san fuskar maƙiyin ba, don haka kowace baƙuwar fuska tana iya zama tasa. Muka kwana, muka wuni, Laraba tana tafiya ina jin ta a jikina. Can da yamma wani babbansu ya zo. Ya dubi kayan, ya dube mu, ya matso kusa sai ya toshe hanci. Ya kama hannuna ya juya, ya ga tsagar da ƙanƙara ta yi wa yatsuna. Ya faɗi wata kalma, yaransa suka fashe da dariya. Obinna ya raɗa mini, "Ya ce kifi." Ƙarnin da na tsana shi ya wanke mu. Aka sake mu, amma aka riƙe kayan aikin, har da sukudireban da Baba ya saya mini, wanda mariƙinsa ya side saboda daɗewa. Na roƙa a ba ni shi kaɗai, aka nuna mini hanya.

Muka taka har gari ya fara duhu, ƙafafuna na daina jin su. A bakin wani ƙauye wata tsohuwa tana ɗibar itace ta tsaya tana kallonmu. Na ɗauka ihu za ta yi. Sai ta ɗora wa Obinna itacen a hannu, ta yi gaba, muka bi ta. Ɗakinta ɗaya da murhun itace. Ta dafa mana dankali, ta ga na kauce wa naman da ta yanko, ba ta tambaya ba ta ɗauke ta kawo man shanu. Na zaro ƙullin yajin da Inna ta haɗa mini na barbaɗa, tsohuwa ta ɗanɗana ta yi ta tari tana dariya tana dukan kafaɗata.

Ta ɗauko hoton ɗanta da kakin soja, ta ce an tura shi gabas, tun da waya ta mutu ba ta ji shi ba. Obinna ya fassara mini sauran: ta ce tana yarinya ta ga yaƙi, in jirgi ya taso sai a gudu rami, amma wannan ba ta san ina ake ɓuya ba. Na kunna wayata da ɗan cajin da ya rage na nuna mata jaririna. Ta daɗe tana kallo, ta tambayi sunansa. Obinna ya ce mata sunan ne muke ɗauke da shi za mu kai. Ban san me ta fahimta ba, amma ta tashi ta buɗe akwati ta ba ni wata 'yar hular ulu ta jarirai. Ƙamshin hayaƙin ɗakin nan irin na madafin Inna ne sak.

Da gari ya waye, Alhamis ke nan, ta sa maƙwabcinta ya ɗauke mu a tarakta. Tarakta kuwa ba ta san sauri ba. Ina zaune a baya ina kallon rana tana hawa, ina lallashin kaina da cewa agogon ƙasar nan yana gaba da na gida, wataƙila liman ya makara, wataƙila ragon ya tsinke.

Sai bayan azahar muka isa. Manyan motoci sun yi layi iya ganinka, an rufe iyaka, ƙasar tsallake ta ce ba mai shiga sai ta tabbata ba za a shigo mata da bala'in ba. A kan wani tudu mutane sun yi cincirindo kowa ya ɗaga waya sama. Na hau da gudu. Masu layin wasu ƙasashe suna samu, nawa kuwa na ƙasar da aka kashe ne, ko motsi bai yi ba. Na sauko, na yi taimama a gefen wata tirela na ta da salla, don ban san abin da zan yi ba kuma.

Ina sallamewa na ji an yi mini sallama. Direban tirelar ne, mutumin Turkiyya, mai ƙaton gashin baki. Ya miƙo mini shayi a ɗan ƙaramin kofi. Na nuna masa hoton jariri, na nuna wayata, na girgiza kai. Sai ya zaro tasa ya danƙa mini, ya nuna tudu.

Lambar Murja a kaina take. Tana shiga na ji hayaniyar mata da guɗa daga nesa. Na yi sallama. Ta ƙwalla ƙara, "Inna! Inna, ga shi, yana da rai!" Ta fashe da kuka, tana cewa sun ga labari a talabijin, sun yi ta kira ba ya shiga, Inna ko abinci ba ta ci. Na bari ta ɗan lafa, sannan na ce, "Murja, an raɗa?"

"An raɗa tun da safe. Liman ya jira ka har rana ta take, wayar tana hannunsa. Da aka ga shiru sai aka ce ai ga uba a zaune, Baba ya faɗa."

"Wane suna ya sa?"

"Sunan marigayi mahaifinka."

Kafin in ce wani abu na ji ana karɓe wayar, sai muryar nan da ke tsayar da Keke daga ƙarshen layi. "Sabi'u! Ja'iri, ka tsinka mana hanji! Kana lafiya? Kana cin abinci?" Na ce lafiya lau, Baba. Ya ce, "To ka ji, na dawo da abokina gida. Idrisu ya dawo! Da bakina na faɗa wa liman, wallahi sai da na ji kamar ya dafa kafaɗata." Yana dariya muryarsa na rawa. Ban taɓa jin sa cikin farin ciki irin wannan ba tun da aka rufe masaƙa. Sai ya ce, "Ko kana da wani sunan a ranka ne, na yi maka shigar sauri?"

Ina tsaye a kan tudun nan, iska na yanka fuskata, sunan yana kan harshena. Na ce, "A'a Baba. Shi ne a raina."

"Na sani! Ai na ce musu na san ɗana."

Da wayar ta koma hannun Murja ta shiga ɗaki ta rage murya. "Ba shi ne a ranka ba. Na ji muryarka." Na gaya mata. Sannan na ce ta bar shi a cikinta. Na sauko na mayar wa direba wayarsa, na zauna a gindin taya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ba wai ban son sunan ubana ba ne. Tsohon ne ya ba ni tausayi, an miƙa masa dama sau ɗaya a rayuwarsa, ya ɗauka ya ba abokinsa. Obinna ya zauna kusa da ni, bai yi tsokana ba ranar.

A hankali wuta ta dawo, sabis ya dawo, muka koma Tasha muka wanke ruɓaɓɓen kifi. Manya suka yi ta taro a manyan birane, kowace ƙasa tana nuna 'yar'uwarta da yatsa, har na baro can ban ji wadda ta ce ita ce ba. Sojojin da aka kai iyaka ma ba a janye su ba. Na zauna na cika wa'adin aikina, don ba ni da abin komawa da shi. Ina kiran gida, ana nuna mini yaron, ana ce masa Abba kamar yadda ake ce wa duk mai sunan kaka. Na sa rai in na dawo Allah zai ba ni wani namijin. Ana saura 'yan watanni in taho aka kira ni aka ce Baba Heluma ya rasu, a kan bencinsa, bayan ya dawo daga masallaci. Ranar wayar ta shiga tangaram, ko kakkatsewa ba ta yi.

Ranar da na dawo, Keke ya sauke ni a bakin layinmu da hantsi. Ga tsohuwar katangar masaƙa can, ga mai shayi, ga kwatar da ba a taɓa gyarawa ba. Ga bencin a ƙofar gida, ba kowa a kai. Na tsaya da jaka a hannu na kasa ƙarasawa. Sai na ji muryar Inna daga cikin gida tana ƙwala kira.

"Heluma! Kai Heluma, zo nan ka sa takalmi!"

Wani ɗan yaro ya fito da gudu daga zaure, ba takalmi, ya yi turus yana kallona. Murja ta biyo shi, ta gan ni, ta saki takalmin.

Sai da aka gama koke-koke da gaishe-gaishe ta ba ni labari. Ba ta bar maganar a cikinta ba, a ranar ta gaya wa Inna. Washegari da sassafe Inna ta ɗauki jaririn ta fita har ƙofar gida, ta ɗora wa Baba a cinya, ta ce, "Kun sa masa sunan da bakina ba zai iya kira ba. To ni ga wanda zan kira shi da shi: Heluma." Murja ta ce tsohon ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya share ido ya daka wa wani ɗan Keke tsawa wai hayaƙinsa ya yi yawa. Daga ranar duk layin suka ɗauka.

Na ce, "Amma a waya Abba kuke ce masa."

Ta harare ni tana murmushi. "Kai kaɗai ka iya riƙe suna a ciki? Inna ce ta ce a bari sai ka zo ka ji da kunnenka."

Na ce, "Shi Baba, ya riƙa kiransa da shi?"

"Shi ya fi kowa. Tun daga bakin masallaci ake jiyo shi."

Na fita na zauna a kan bencin. Yaron ya leƙo daga zaure yana riƙe da hular ulun da na ba shi, wadda ta yi masa kaɗan tun tuni. Na miƙa masa hannu na kira sunan. Karon farko muryata ba ta fita ba, sai da na sake, sannan ya taho.